Kujerar Gwaggo Marlys

Minnesota, cikin watan Disamba

Zuwa ga ɗana Garrett,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a can Arizona, kai da mutanen da kake zaune a cikinsu. Kullum da safe kafin in ɗora kofi ina roƙon Ubangiji ya tsare min kai, ya ba ka lafiyar jiki da basirar karatu. A 'yan makonnin nan na ƙara da roƙon ya ba ka hankali, domin na gano cewa shi ba ya cikin abubuwan da jami'a take rabawa. Da gangan na zauna na rubuta maka da hannu. Saƙon waya kana iya share shi da yatsa ɗaya, ko ka aiko min ɗan hoton nan na fuska mai murmushi ka ce ka ba da amsa. Takarda kuwa dole ka zauna ka karanta ta, in ma yaga ta za ka yi sai ka tashi ka nemi kwandon shara.

Mu dai muna nan lafiya. Sanyi ya shigo da wuri bana, ƙanƙara ta zubo tun kafin a gama farautar barewa. Yanzu tafki ya daskare har masu kamun kifi sun fara jan 'yan ɗakunansu zuwa tsakiyarsa, Baffanka Duane na cikinsu da ƙaton cikinsa, Allah dai ya sa ƙanƙarar ta iya ɗaukarsa. Ƙanwarka Annika tana nan tana damun mu da busa ƙahonta saboda wasan Kirsimeti na makaranta, da zarar ta fara kare ma sai ya shige ƙarƙashin gado. Gwiwar Lyle direba ta sake kumbura amma ya ƙi zuwa asibiti, yana nan yana jan tiyon gas cikin ƙanƙara yana ɗingishi. A shago kuwa ka san yadda Disamba take, kowa sai tankin gas ɗin ɗumama gidansa ya kusa ƙarewa yake tuna cewa akwai mu a duniya. Ban ambaci Gwaggonka Marlys cikin masu lafiya ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Saboda ita na ɗauki biro.

Na ga saƙonka cewa ka ci A a darasin nan naku na sarrafa bayanan kasuwanci da kwamfuta. Ban amsa ba, na kuma san ka lura. Ni sakandare na gama, ban taɓa zama a ɗakin da farfesa yake magana ba, amma tun shekararka ta farko nake kallon abin da kuke kira karatu. Wani zango an koya muku zuba lambobi a cikin 'yan ramuka a fuskar kwamfuta. Wani zango an koya muku mayar da lambobin su zama da'ira mai launi kamar yankan kek. Yanzu kuma an kai ku babban mataki, an koya muku a zana akwati, a ja kibiya, a zana wani akwatin. Annika ta yi irin wannan a ajin yara da alli mai launi, ba wanda ya sa mata kwat ya tafa mata. Na yi shiru duk tsawon lokacin nan, na ce yaro ne yana wasa da kwamfuta, wata rana za a miƙa masa takarda ya je ya nemi aiki kamar kowa. Ashe wasan yana da haƙora.

Da ka kira cikin Oktoba ka ce malaminku ya sa kowane rukuni ya nemi wata sana'a ta gaske ya yi nazarin yadda aiki yake tafiya a cikinta, kuma shagon gas na gidanmu kuka zaɓa, har daɗi na ji. Gwaggonka ta fi kowa murna. Ta wanke shuɗiyar rigar sanyinta, ta goge teburinta, ta cika kwalbar alewa har baki. Ka zo da abokinka Bryce, ɗan birni mai takalmin yawo a bakin teku, wanda ya sauko daga mota yana rawar ɗari a sanyin da mu ko hula ba ma sa masa. Tun daga ƙofa ya fara kiran Baffanka shugaban kamfani, shi kuwa sai ya gyara tsayuwa yana shafa ciki, mutumin da rabin yininsa a ƙarƙashin motar tanki yake ƙarewa. Lyle kuma ya zama sashen rarraba kaya, shi kaɗai da gwiwarsa. Ni ya tambaye ni da wace manhaja nake kula da dangantaka da masu saye, na ce masa ina gaishe su, ya rubuta abinsa da fuska a murtuke. Daga nan kuka ja kujeru kuka zauna a bayan Gwaggonka yini biyu. Duk sanda ta ɗaga waya sai ku danna agogon wayarku, in ta ajiye ku sake dannawa. Ita a ganinta sauraren ta kuke yi. Ta ciyar da ku miyar shinkafar daji, ta ba Bryce safar ulu da ta saƙa da hannunta don ta ga ƙafafunsa sun yi shuɗi. Da yamma muna rufe shago ta ce min Garrett ya zama mutum, ki ji irin tambayoyin da yake yi da natsuwa, sak mahaifinsa.

Sai kuma ga bidiyo, ana saura mako biyu bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Kai da kanka ka turo shi zauren waya na dangi, ka ce mu kalli yadda ka gabatar da aikinka a gaban aji. Gwaggonka ce ta hana kowa buɗewa, ta ce a bari a taru a kalla tare lokacin abincin rana. Muka taru a gaban kwamfutar Baffanka, ta jawo kujerarta gaba, ta sa tabarau. Muka gan ku ku huɗu cikin kwat kamar masu ɗaukar gawa. Ga akwatin mai saye, ga kibiya, ga akwatin direba, duk farare. A tsakiya kuma akwati guda ja, an rubuta masa Ma'aikaciya A, a ƙasansa an rubuta cikas. Ka faɗa da bakinka, kana wani ƙasaita, cewa kun kiyaye ƙa'idar darasi ta ɓoye sunayen mutane don kare mutuncinsu. Garrett, mace nawa ce take ɗaukar waya a shagonmu? Wa kuka ɓoye wa? Har da hoton teburinta kuka sa, ga shuɗiyar rigar a rataye a bayan kujera, ga kwalbar alewa. Sannan Bryce ya kara hannu a kunne, ya matse murya irin ta tsohuwa, yana tambayar mai saye lafiyar kyanwarsa da ƙugun surukarsa. Aji ya fashe da dariya. Kai ka sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarka tana motsi, ni na haife ka, na san dariyarka ko ta baya na gan ta. Aka danna, jan akwatin ya ɓace, kibiya ta miƙe sambal daga mai saye zuwa na'urar amsa waya zuwa direba. Aka tafa. Malaminku, wanda daga ganin hannunsa bai taɓa ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi ba, ya gyaɗa kai ya ce bai ga misali mai tsabta kamar wannan ba a duk zangon.

A shago ba wanda ya tafa. Lyle ya tashi ya ce bari ya duba tayar mota, tayar da ba abin da ya same ta. Gwaggonka ta cire tabarau ta naɗe shi a hankali, ta ce ɗamarar wuyan nan ta yi maka kyau. Waya ta yi ƙara, ta dube ta ta ɗan jima kafin ta ɗauka.

Yanzu ka saurara, don na san abin da za ka ce, za ka ce ai gaskiya kuka faɗa, lambobi ba sa ƙarya. Ban ce ƙarya kuka yi ba. Gwaggonka tana da nawa wajen aiki. Tana ɗaukar mutum da hira har wani ya gaji da jira ya kashe waya. Ta sha rubuta sunan wannan a madadin wancan, Lyle ya kai gas gidan da ba a nema ba. Har yau ba ta san yadda ake mayar da kira zuwa ɗaya wayar ba sai ta ƙwala wa Baffanka kira ta taga. Duk garin nan an sani, yaran makaranta ma sun sani. Abin da ku huɗu kuka yi zango guda kuna bincike da agogo da kwamfuta, da ka tambayi Annika da ta faɗa maka tana cin abincin safe. Sanin abu ba shi ne ilimi ba, kowane mai ido yana gani. Abin da ba a koya muku ba shi ne tambayar dalilin da ya sa mutane masu ido suka yi shekaru suna gani suna yin shiru.

Sunanka na tsakiya Peter ne, ka kuma san sunan ɗanta ne da ya rasu kafin a haife ka, mota ta zame da shi a hanyar tafki yana saurayi. Abin da ba ka taɓa tambaya ba shi ne yadda ta yi bayan nan. Mijinta ya kasa jurewa ya tattara ya tafi. Ita ta shige gida ta ja labule, ta shekara ba ta fito ba, ba coci, ba kanti, abinci a bakin ƙofa ake ajiye mata, wani lokaci a dawo a same shi ya daskare. Fasto ya je, likita ya je, a banza. Ran nan Kakanka Arvid ya sayo tebur da kujera ya ajiye a shago kusa da taga, ya ɗauko wayar ya ɗora a kai, ya tafi ya tsaya a ƙofarta yana faɗa, wai shi ya gaji, waya na ta ƙara ba mai ɗauka, yana asarar masu saye, ita kuma tana kwance ba ta da aikin yi. A lokacin Kakarka ce take ɗaukar wayar, kuma ta fi kowa iyawa, amma daga ranar ta ce kunnenta ya lalace, ta riƙe wannan ƙaryar har ta koma ga Ubangiji. Gwaggonka ta fito don haushin tsohon. Mako na farko a taƙaice take amsawa. Sannu a hankali ta fara tambayar mutane lafiyar gida, su ma suna tambayar ta, har ta dawo cikin masu rai. Hirar nan da kuka auna da agogo kuka shafa mata ja, ita ce igiyar da aka jawo ta da ita. Marigayi mahaifinka ya gaji shirun daga Kakanka, ni na gaje shi daga mahaifinka. Ba a zaunar da kai an gaya maka ba, domin a gidan nan ba a zaunar da yaro a koya masa abin da ya kamata ya gane da kansa.

Baffanka ka san shi, tun rasuwar mahaifinka yake neman hanyar da zai bi ya sallame ta, kunyar yayarsa ce kawai ta hana shi. Kai ka ba shi hanyar, da hatimin jami'a a kai. Bidiyon nan ya kalle shi ya fi a ƙirga, har ya haddace kalmominku, yana yawo a shago yana cewa inganta aiki, yana cewa zamani ya zo. Na ce masa zamani ya zo ya same shi yana goge hanci da hannun riga. Ya ce kai ka faɗa ba shi ba, in ina da magana in yi da farfesa. Na tuna masa cewa rabin shagon nan nawa ne, ba mai taɓa kujerar nan ina numfashi. Ya yi ƙunƙuni ya fita. Da a nan abin ya tsaya da ban rubuto maka ba, Duane bai fi ƙarfina ba.

Ran Litinin Gwaggonka ta zo aiki da ɗan agogon nan na dafa ƙwai daga kicin ɗinta, ta ajiye shi kusa da waya. Duk kiran da ya shigo sai ta murɗa shi. Ina daga ɗakina ina jin ta, muryar ta canza, suna, adireshi, gas na zuwa, sai an jima. Da hantsi tsohuwa Inga Tollefsrud ta kira, wadda suka yi shekaru suna hira duk mako, tana fara ba ta labarin jikarta da ta haihu agogon ya yi ƙara. Gwaggonka ta katse ta ta ce ta yi haƙuri akwai masu jira, alhali ba mai jira. Ta ajiye waya ta zauna tana kallon taga. Mako guda ta yi a haka, kuma don kada ka ce na rage maka komai, a makon nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, aiki ya yi sauri kamar yadda kuka zana. Ka faɗa wa malaminku, ko ya ƙara maka maki.

Ran Juma'a da za mu rufe ta shigo ɗakina da kwalbar alewa a hammata, ta ce daga yau ta ajiye aiki. Na ce mata ba inda za ta je, na riga na taka wa Duane burki, yara ne suka yi shirmensu na makaranta, ba abin da suka sani. Ta yi murmushi ta ce, "Noreen, ke ma kin ɗauka ban sani ba? Tun ranar farko na san abin da ya sa Baba ya sayi kujerar nan, na kuma san kunnen Mama ƙalau yake. Muddin ba wanda ya faɗa, aiki ne. Yanzu an faɗa, ya zama sadaka." A ƙofa ta juyo ta ce kada in ɓata wa yaro rai ana gab da jarrabawa, in ce masa ta ji daɗi da ya ci A. Ban yi mata alkawari ba. Ga shi na faɗa maka ta ji daɗi, sauran kuma nawa ne.

Akwai abu guda da nake ta so in tambaye ka. Da kuka tashi lissafin lokacin da take ɓatawa a waya, kun sa shekararka ta farko a ciki? Ka ɗauka ban sani ba. Bangon da ke tsakanina da ita katako ne siriri. Duk Laraba da rana wani yaro yakan kira shago daga Arizona, ba ya kiran uwarsa don ya san za ta ce ya share hawaye ya koma aji. Yakan kira Gwaggonsa ya ce zafi ya ishe shi, abincin ba daɗi, ba wanda ya san shi, shi zai dawo gida ya hau motar tanki tare da Lyle. Ita kuma ta riƙe shi a waya tana ba shi labarin kyanwar wane da ƙugun surukar wane, har numfashinsa ya daidaita. Masu saye suna kira suna jin layi a toshe, Baffanka yana zage-zage a waje, ni ina zaune ina yin kamar ban ji ba. Da a lokacin na'urarku ce take amsawa, da yanzu kana nan kana jan tiyo, ba ka taɓa ganin ɗakin da ka tsaya da kwat ka goge ta ba. A zanenku ban ga akwatin wannan yaron ba.

Lahadi biyu ke nan ba ta zo coci ba, ita da ke jera kofuna a ɗakin shayi kafin kowa ya iso. Bikin godiya ta aiko cewa mura take yi, kujerarta a teburina ta zauna ba kowa, talotalon bikin ma ba wanda ya ci shi da daɗi. Na bi ta ƙofar gidanta jiya da rana tsaka, labule a ja, ƙanƙarar bakin ƙofa ba sawun kowa. Na ƙwanƙwasa ta buɗe, ta ce tana lafiya, hutawa take yi, amma da rigar barci na same ta. Na taɓa ganin labulen nan a haka ina sabuwar amarya, na san inda hanyar take zuwa, kuma wannan karon ba Kakanka da zai je ya yi mata faɗa. Duk da haka sai da ta miƙo min gwangwanin biskit ɗin citta da take aiko maka duk lokacin jarrabawa, ta ce kada ya makara. Yana cikin kwalin da takardar nan ta zo a ciki. Ka ci in zai wuce maka. Kada ka ba Bryce, safar ma ta ishe shi.

To ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka ce min hutun nan ba za ka zo ba, wai Bryce ya samo muku aikin gwaji a wani kamfani, zai yi kyau a takardar neman aiki. Za ka zo. Annika ta saya maka tikitin jirgi ta kwamfuta kafin ruwan shayina ya tafasa, ka ga ban taɓa cewa kwamfuta ba ta da amfani ba. Amma kafin ka zo, ran Larabar nan, za ka kira Gwaggonka a wayar gidanta. Kada ka shirya mata jawabin ban haƙuri irin na masu kwat, za ta ce ba komai ta ajiye waya, shi ke nan ka rufe ƙofar. Kada ka ce za ka sa Baffanka ya mayar da ita, kujerar nan ta mutu, kai ka kashe ta, kuma ba ta tashi. Ka kira ta kamar yadda ka saba. Ka ce jarrabawa ta sa ka gaba, ka ce ka gwada gurasar dankali irin tata ta ƙone, ta koya maka. Ka tambaye ta jikar Inga namiji ta haifa ko mace, don in ba ta sani ba dole ta kira ta ji. In ta fara labari ka bar ta ta kai ƙarshe, in ta koma farko ka sake ji. Ka kife agogonka. Laraba mai zuwa ka sake kira, da wadda ke bin ta. In ka sauka kuma, kafin ka shigo gidana ka ɗauki shebur ka share mata ƙofa, ka ce yunwa kake ji. Ban san ko zai yi ba. Kakanka ma bai sani ba sanda ya sayi teburin. Ba kuma wanda zai ba ka maki a kan wannan.

Karatunka ka gama shi, ban ce ka bari ba, mahaifinka ya so ya ga ɗayanku da takardar jami'a. Amma duk ranar da aka sake miƙa maka alli aka ce ka zana mutum a cikin akwati, ka fara tambaya wa ya ajiye shi a wurin, kuma don me.

Ka gaishe min da Kawunka Russell da matarsa Yolanda, ka ce na gode da ɗawainiyar da suke yi da kai duk ƙarshen mako, ka kuma riƙa wanke kwanon da ka ci a gidansu. Ka gaishe da 'yan biyunsu, Mateo da Elsa, ka ce hulunansu na hanya ko da yake ban san me za su yi da hula a wannan zafin ba. Annika tana gaishe ka, ta ce wasansu ran jajibirin Kirsimeti ne, ka zo da audugar kunne. Lyle ma yana gaishe ka. Baffanka bai ce a gaishe ka ba, ni ma ban tambaye shi ba.

In kana da abin faɗa min, ka rubuto, ko ka bari sai ka zo. Kada ka neme ni ta wayar shago. Baffanka ya sa an haɗa na'urarku tun makon jiya, muryar wata yarinya ce mai zaƙi, ba ta gajiya, ba ta tambayar lafiyar kowa. In gas kake so ka danna ɗaya, in tanki ke yoyo ka danna biyu. Na kira da kaina na saurara har ƙarshe. Babu lambar da yaro mai kewar gida zai danna.

Ubangiji ya kiyaye ka, ya kawo ka lafiya.

Mahaifiyarka,
Noreen Halvorsen